Lagireto Mai Yoyo da Iyakar Faci

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan aikin na safiya. Kafin a tayar da inji sai a duƙa a leƙa ƙarƙashin mota ta gaba. In aka ga ƙasa ta jiƙe, ko da faɗin tafin hannu ne, an san lagireto ya kwana yana ɗiga. Sai a ɗaga bonet, a ɗauko jarka daga but, a ƙara ruwa, a yi bisimilla a kama hanya. Da yawanmu mun yi watanni a haka, har jarkar ta zama kamar safaya taya, ba a fita sai da ita. Kuma kowace safiya tambayar ɗaya ce: a kai shi a gyara, ko a cire a sa wani?

Da farko za a ɗauka tambaya ce ta aljihu kawai. Amma in muka zauna da ita za mu ga akwai hakki a cikinta, domin motar nan ba mu kaɗai take ɗauka ba, kuma ba lallai a hannunmu za ta ƙare ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙarfen. Inji yana ƙona fetur, kuma kaso mai yawa na abin da ya ƙona zafi yake zama. Famfo yana zagaya da ruwa cikin inji ya kwaso zafin, ya kai shi lagireto, inda yake ratsa siraran bututu, iskar hanya da fanka su sanyaya shi, ya koma. Inji ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 90. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, amma murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, wanda ke sa ruwan ya jure har wajen digiri 120 bai tafasa ba. To ɗan hujin nan da muke rainawa abu biyu yake zubarwa, ruwa da matsi. Ranar da aka makara, allura ta hau ja, tof ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, inji ya buga. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu mutane ne masu gyara, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ta daɗe a kan titunanmu ne saboda hannun makanikai. Lagireton irin waɗannan motoci na tagulla ne, an haɗa shi da dalma. Mai gyara zai cire shi, ya toshe bakunansa, ya hura masa iska, ya tsoma shi cikin ruwa kamar yadda mai faci ke yi wa tub. Inda kumfa ta taso, nan ne ciwon. Ya kankare wurin, ya narka dalma ya liƙe. In bututun sun toshe, ya buɗe tankin ya zura siririn ƙarfe ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga ana wannan aiki a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna ya san sana'a ce ta ilimi. Jefar da abin da dalma kaɗan za ta rayar almubazzaranci ne, kuma yanke abincin wani ne.

Sai dai zamani ya canza ƙarfen. Yawancin motocin da muke hawa yanzu, har da 'yan Kwatano da suka haura shekara 20, lagiretonsu na alminiyum ne, tankunansa na roba, an matse su da ƙananan haƙora. Roba in ta sha zafi shekara da shekaru takan bushe ta yi gautsi. Ka liƙe ta a nan da gam, ta tsage a can, domin ba huji ɗaya ne matsalarta ba, jikin ne gaba ɗaya ya gaji. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu rarrabe: akwai abin da ya ji ciwo, akwai abin da ya ƙare. Na farko yana da hakkin a gyara shi. Na biyu, in aka dage a kansa, ba tattali ake yi ba, ƙin karɓar gaskiya ake yi.

Kalmar "gyara" a bakinmu tana ɗauke da abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba. Akwai gyara na haƙiƙa, wanda ke mayar da abu kan aikinsa. Akwai lallaɓawa: mota ta tsaya a daji, direba ya fasa ɗanyen ƙwai ko ya zuba garin barkono a ruwan, ko ya sa filaya ya matse bututun da ke yoyo, don dai a isa gari. Wannan dabara ce, babu mai zarginsa, da babu gara ba daɗi. Sai na uku, ɓoyewa: a yi irin wannan lallaɓawar, a wanke inji tas, a kai mota kasuwa, ko a jera ta a tasha a yi lodi. Abin lura shi ne, ƙwan da ya ceci matafiya a daji shi ne dai ƙwan da ya cuci mai saye a kasuwa. Aikin hannun bai canza ba. Abin da ya canza shi ne wanda ya sani da wanda aka bari a duhu.

Mun taɓa zama a bencin wani dattijon mai gyaran lagireto, wani mutum ya kawo nasa, tankin roba ya tsage tun daga wuya. Dattijon ya jujjuya shi, ya ce, "Alhaji, wannan ya gama aiki. Zan iya liƙe maka, amma ba zai kai ka damina ba." Mutumin ya ce, "Baba, liƙe kawai, jibi zan sayar da motar." Dattijon ya ajiye shi a ƙasa, ya ce, "In za ka gaya wa mai sayen, kawo in liƙe." Mutumin ya ɗauki kayansa ya nufi rumfar gaba. Ba mu bi shi ba, amma mun san ba zai rasa mai liƙe masa ba.

Dattijon ya yi asarar kuɗin aiki, kuma da alama bai hana komai faruwa ba. To me ya samu? Wani zai ce shi ba ɗan sandan ciniki ba ne, aikinsa liƙi, abin da mai mota zai yi da motarsa tsakaninsa ne da Allah. Maganar tana da ƙarfi, domin da kowane mai sana'a zai binciki niyyar kowane mai kawo aiki, da kasuwa ta tsaya. Amma a nan ba bincike ya yi ba, faɗa masa aka yi. Da zarar ka san inda aikinka zai tafi, hannunka ya shiga ciki. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kuma ko ba a je gaban alƙali ba, kowannenmu ya san yadda zai ji in shi ne ya sayi motar, ya ɗora iyalinsa, ta tafasa da su kafin su kai Zariya.

Akwai ƙorafi mafi nauyi, wanda bai kamata mu tsallake shi ba. Wa'azin "canza sabo" yana da sauƙi a bakin mai kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, direban haya yana fita da asuba ya dawo da abin da da ƙyar zai kai gida bayan ya biya balas. Ko ya samu kuɗin, sabon da ke kasuwa wani lokaci bai kai tsohon ƙwari ba, na Beljiyam kuwa sa'a ce, ba ka san shekarun da ya yi a wata ƙasa ba. Wa zai ce wa irin wannan mutum ya ajiye mota har sai ya sayi lagireto?

Ba za mu ce masa haka ba. Talauci uzuri ne na rashin canzawa, kuma uzuri ne karɓaɓɓe. Abin da talauci bai zama uzurinsa ba shi ne ɗora wa wani hatsarin da bai san da shi ba. Direban da ya san motarsa na shan ruwa yana iya yin jigilar cikin gari, inda in ta tsaya fasinja zai sauka ya hau wata. Amma ya yi lodin mata da yara daga Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a hanyar da ba wanda ke son dare ya same shi a kanta, to ya ci bashi ne da sunan fasinja ba tare da ya tambaye su ba. Shi ya ajiye kuɗin gyara, su za su biya da tsayuwa a rana. Ma'aunin ke nan: in facin ya ɓalle, wa zai sha wahalar, kuma ya amince tun farko?

Masu saurin canzawa ma ba su tsira ba. Sau da yawa ba lagireton ne mai laifi ba. Murfi ne robarsa ta mutu, ko mesa ce ta tsage a gindi, ko famfo ke zubarwa, ko gasket ne ke tura iska cikin ruwa har matsi ya yi yawa. Mai kuɗi ya sayi sabo ya ɗaura, bayan sati biyu ƙasa ta sake jiƙewa. Kuma in muka bi salsala, mu ne muka ɓata na farkon: shekaru muna ɗura masa ruwan rijiya da na kwata maimakon ruwan da aka yi domin sa, wanda ke hana tsatsa, har laka da gishiri suka cinye bututunsa. Wanda bai tambayi dalilin lalacewar tsohon ba zai lalata sabon a kan hanya ɗaya. Wannan halin muna ganinsa a inda ya fi mota muhimmanci, a yadda wasu ke sallamar yaron shago ko abokin zama, su kawo wani, matsalar ta biyo su, saboda tun asali a wurinsu take.

Amma mu koma kan jarkar nan, domin ita ta fi kowa tona mana asiri. Ranar da muka fara saka ta a but, cewa muka yi zuwa ƙarshen wata ne. Wata ya ƙare, wani ya kama, muka saba. Ƙara ruwa kullum yana sa mutum ya ji kamar yana kula da motarsa, alhali yana jinkirta hukunci ne kawai. Lallaɓawa tana da wa'adi, in ya wuce ta koma yaudara, kuma wanda ta fara yaudara shi ne mai jarkar.

Saboda haka gobe da safe, in mun duƙa mun ga ƙasa a jiƙe, mu kai shi a tsoma a ruwa a ga inda kumfa ke fita. In mai gyaruwa ne, a gyara shi da kyau. In ya ƙare, a canza, ko a rage wa motar tafiya har Allah ya hore. In kuma sayarwa za mu yi, mu buɗe but mu nuna wa mai sayen jarkar, mu gaya masa sau nawa ake cika ta a sati.