Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Ran 27 ga watan Mayu, 2020, jama'a suka taru a bakin teku a jihar Florida ta ƙasar Amurka, kowa ya ɗaga kai yana jira. Waɗansu kuwa ko'ina cikin duniya suna kallo ta talabijin da wayar hannu. Mutum biyu, Bob Behnken da Doug Hurley, suna zaune a ɗaure cikin kumbo a bisa kan roka. An riga an fara ɗura mai. Shugaban ƙasa da kansa ya zo kallo. Saura kamar minti 17 a tashi, sai aka ce a dakata, gama hadari ya haɗu, ana tsoron tsawa. Aka zuƙe man, aka sauko da mutanen nan biyu, kowa ya koma gida. Sai ran 30 ga wata suka tashi lafiya.

Ni ma ina cikin masu kallo a ran nan, ba kuwa zan ɓoye muku ba, na ji haushi. Na bar aikina na zauna, ga shi ban ga kome ba. Daga baya na yi tunani, na ji kunyar haushin nan nawa. Ga mutum biyu a zaune bisa tan ɗaruruwa na mai da iskar da ke hura wuta, kowannensu da iyalinsa, ni kuwa ina gunaguni domin an hana ni kallo. Wannan ne ya sa na ce bari mu duba wata tambaya tare, 'yan'uwa. Idan an ɗauki ran mutum a cikin aikin da ake neman riba da suna, sa'an nan wani ya ce yana shakka, maganar wa ya kamata a bi?

Bari mu fara da yadda 'yan kasuwa suka shiga wannan aiki. Da fari gwamnatoci ne kaɗai suke yinsa. Rasha ta aika da Yuri Gagarin ran 12 ga Afrilu, 1961, ya kewaye duniya sau ɗaya. Amurka ta bi baya, har ta kafa tashoshi a ƙasashe dabam dabam domin bin sawun kumbonta, ɗaya daga cikinsu a kusa da Kano take. A 1969 mutanenta suka taka wata. A 2011 hukumar NASA, watau hukumar Amurka mai kula da tafiya sararin samaniya, ta ajiye tsofaffin jiragenta masu zuwa su komo, ta shiga sayen kujera a kumbon Rasha. A 2014 ta ba kamfani biyu kwangila su ƙera kumbon ɗaukar mutane: Boeing a kan dala biliyan 4.2, SpaceX kuwa dala biliyan 2.6. An yanke kuɗin tun da fari. Idan aiki ya yi jinkiri, ko ya ci abin da ya fi haka, hasarar ta kamfani ce.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi riba da aikin hannunsa. Wannan shiri ya kawo amfani ma. A Disamba 2015 SpaceX ta sauko da gindin rokarta Falcon 9 a tsaye, ba ta bar shi ya faɗa teku ba, har aka saba da harba roka ɗaya sau da yawa, kuɗin tafiya ya ragu. Amma fa ku lura, inda aka yanke kuɗi, kowace rana ta jinkiri tana ci daga aljihun wani. Mai cewa "a dakata" ya zama kamar mai zubar da garin tuwon gida. Matsalar tana nan.

Ga abin da ya faru sa'ad da aka ƙi jin irin wannan mutum. Da daren 27 ga Janairu, 1986, ana shirin harba jirgin Challenger kashegari, bayan an ɗaga ranar sau da yawa. Rokoki biyu na gefen jirgin gaɓa gaɓa aka haɗa su, a kowace mahaɗa kuwa akwai zoben roba mai hana wuta fita, kamar robar da ke hana famfo yoyo. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin, suka ce roba tana sandarewa da sanyi. Roger Boisjoly da abokan aikinsa suka ba da shawara kada a tashi idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 12, gama ba a taɓa tashi cikin sanyin da ya fi haka ba. Manyan NASA ba su ji daɗin maganar ba. Shugabannin kamfanin suka keɓe suka yi shawara, aka ce wa ɗayansu ya tuɓe hular injiniya ya sa ta manaja. Suka sake magana, suka ce a tashi. Wani ma'aikacinsu, Allan McDonald, ya ƙi sa hannu, aka sami wanda ya sa. Da safe ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiyar tashi. Daƙiƙa 73 bayan tashi jirgin ya wargaje, mutum bakwai suka mutu, har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, 'yan makaranta kuwa suna kallo.

Ba mugaye ba ne mutanen da suka yanke wannan shawara. Ba wanda ya so a mutu. Abin da ya ruɗe su shi ne, a tafiye-tafiyen baya an sha ganin zoben nan ya ɗan ƙone, jirgi kuwa ya komo lafiya. Suka ɗauki sa'a tamkar shaida. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Bayan shekara 17 aka sake yin irin wannan. A Janairu 2003 wani ɓallin soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffiken hagu na jirgin Columbia wajen tashi. Waɗansu injiniyoyi suka roƙa a ɗauki hoton fiffiken tun jirgin yana sama, ba a yi ba, domin an saba ganin soso yana ɓallewa. Ran 1 ga Fabrairu jirgin ya tarwatse wajen saukowa, mutum bakwai kuma suka tafi.

To, ga labari na uku, wanda ya fi ba ni abin tunani. Ran 5 ga Yuni, 2024, kumbon Starliner na Boeing ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams zuwa tashar sararin samaniya, wadda take kewaya duniya a nisan kamar kilomita 400 daga ƙasa. Nufin su yi kamar kwana takwas. A hanya iskar hiliyam ta yi yoyo, biyar kuma daga cikin ƙananan injunan da ke juya kumbon suka tsaya sa'ad da ake kusantar tashar. Aka yi makonni ana gwaji. Kamfanin ya ce kumbonsa zai iya komowa da su. Waɗansu injiniyoyin NASA suka ce ba su gane abin da ke damun injunan sarai ba. Ran 24 ga Agusta hukumar ta yanke cewa kumbon ya komo ba kowa a ciki. Abin kunya ne ga Boeing, da hasara mai yawa. Mutanen nan biyu ba su sauka ba sai ran 18 ga Maris, 2025, cikin kumbon SpaceX, bayan kwana 286.

Ga inda gardamar take. A watan Satumba kumbon nan ya sauka lafiya a New Mexico. Sai waɗansu suka ce, "Kun gani? Da an bar su sun shiga, da tuni suna gida." Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma ku auna ta. Daidai take da tunanin da ya kashe mutanen Challenger, sai dai an juyo ta ta baya. Ba a auna shawara da abin da ya biyo bayanta, sai da abin da mai shawara ya sani a ranar da ya yanke ta. Mutumin da ya haye kogi a cike da yaro a wuya, ya fita lafiya, bai zama mai hikima ba, ya dai yi sa'a. Wanda ya jira ruwa ya janye kuma bai zama matsoraci ba don ɗan'uwansa ya tsira.

Wani zai ce, ai 'yan sama jannati sun san hatsarin, da yardarsu suka hau. Gaskiya ne, ƙarfin zuciyarsu kuwa abin yabo ne. Amma yarda ba ta tsaya sai a bisa gaskiya. Mutanen Challenger ba a faɗa musu gardamar da aka yi da daren nan ba. Sun yarda da hatsarin da ba wanda ya san shi, ba su yarda da wanda aka sani aka yi shiru ba. Wanda ya ɓoye maka ramin da ya gani, ba ya da bakin cewa da ƙafarka ka faɗa.

Wani kuma zai ce, in za a bi maganar kowane mai shakka, ba za a taɓa tashi ba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Ba tafiyar da ba ta da hatsari, da an jira sai tsoro ya ƙare sarai da ba wanda ya taka wata. Ba na cewa mai shakka kullum yana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, nauyin kawo shaida yana wuyan mai cewa a tafi. A daren Challenger aka juya abin, aka ce wa injiniyoyi su tabbatar za a yi hatsari, su kuwa ba su da abin da ya wuce ƙwaƙƙwaran zato. A 2024 aka mai da shi daidai, aka ce wa masu kumbo su tabbatar da lafiyarsa. Dalili kuwa a fili yake. In an dakata bisa kuskure, an yi hasarar kuɗi da kwanaki da ɗan suna, dukansu ana iya samunsu kuma. In an tashi bisa kuskure, abin da aka rasa ba ya komowa.

Kada mu ce wannan zancen Turawa ne da rokokinsu. Yaron mota yakan ce wa direba birki yana wasa, fasinja su yi ca, su ce a tafi kada kasuwa ta watse. Magini yakan ce siminti bai isa ba, mai gida ya ce damina ta kusa. Sau da yawa mai gargaɗin shi ne ƙarami a wurin, abincinsa kuma yana hannun wanda yake yi wa gargaɗi. Boisjoly kansa, bayan ya faɗi gaskiya a gaban masu bincike, abokan aiki suka juya masa baya, har ya bar kamfanin. Saboda haka bai isa a ce mai gaskiya ya yi ƙarfin hali ba. Babba ma yana da aiki, ya sa faɗin gaskiya ya zama da sauƙi a gabansa, kada kuwa ya tambayi mai magana shekarunsa kafin ya ji abin da ya gani.

Mu masu kallo kuma muna da namu rabo. Kamfani yana sauraron tafin jama'a, hukuma ma haka. In muna tafi ga wuta da hayaƙi kaɗai, muna yi wa jinkiri ba'a, to, mun ƙara nauyi a kan mutumin da yake so ya ce a dakata. Na ga hotunan Behnken da Hurley da yawa suna murmushi bayan sun sauka lafiya a watan Agusta na 2020. Ban taɓa neman in san sunayen masu duban hadari da suka hana su tashi a ranar farko ba. Kai fa, mai karatu? Ran da ka sake zama kallon roka, aka tsai da ƙidaya saura 'yan mintoci, ka tuna akwai wanda ya ɗauki haushin dubban mutane a kansa domin waɗanda ke cikin kumbo su koma wurin 'ya'yansu. Gobe kuma in ɗan ƙaramin ma'aikacinka ya zo yana rawar murya ya ce maka, "Maigida, akwai abin da ban yarda da shi ba," ka ajiye abin da ke hannunka, ka ba shi kujera, ka ji shi har ya gama.