Hawan Dutse Da Amanar Rai

A yankin tsaunuka na ƙasar Sikotland akwai duwatsu 282 waɗanda kowannensu ya haura ƙafa 3,000. Sir Hugh Munro ne ya fara jera sunayensu a 1891, kuma har yau mutane suna alfahari da hawansu ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu, kamar A' Mhaighdean, sun yi nisa da hanyar mota ƙwarai, har masu hawa da yawa sukan kwana a daji kafin su isa. To, ko ya dace mutum ya kai kansa irin wannan wuri don kawai ya tsaya a ƙololuwa?

Shi hawan dutse ba laifi ba ne. Yana ƙarfafa jiki, yana koyar da haƙuri, wanda kuwa ya hangi faɗin ƙasa daga sama yakan tuna ƙanƙantarsa a gaban Mahalicci. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da sama ta ɓaci, zuciya kuma ta ƙi yarda a juya.

A watan Nuwamba na 1971 waɗansu 'yan makaranta daga birnin Edinbara suka hau tudun Cairngorm, suka nufi Ben Macdui. Guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su. Kashi ɗaya suka kai wata bukkar mafaka suka tsira, ɗaya kashin kuwa suka kasa gano ta, suka kwana biyu a fili. Yara biyar da wata mataimakiyar jagora mai shekara 18 suka rasu. Daga baya aka rushe bukkar, domin an lura irinta tana ruɗin matafiya su ci gaba a lokacin da ya kamata su sauko.

Wani zai ce ai ajali ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma malamai sun bayyana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗauki sababi. Wanda bai binciki yanayin sama ba, bai ɗauki taswira da tufafin sanyi ba, bai gaya wa kowa inda ya nufa ba, sakaci ya yi.

Bugu da ƙari, hatsarin ba ya tsayawa a kansa. Masu aikin ceto a duwatsun Sikotland 'yan sa kai ne, ba a biyansu. Idan ya ɓata, su ne za su bar iyalinsu cikin dare su shiga guguwar da ya raina. Da wane hakki zai jefa su ciki?

Saboda haka wanda ya juya ana saura ƙiris ya kai ƙololuwa ba matsoraci ba ne. Ya rinjayi son zuciyarsa, ya kiyaye amanar ransa da ta waɗansu. Dutsen yana nan, in da rai ya komo baɗi.

Allah Ya sa a dace, amin.