TOMA A BAKIN TURAWA

Tun da aka buga Littafi Mai-Tsarki na Sarki James a Ingila a 1611, maganar Littafin ta shiga bakin Turawa ƙwarai, har waɗansu sunaye sun zama kamar kalmomin yau da kullum. Idan mutum ya ci amanar abokinsa, su kan ce, wannan wani Yahuda ne. Tsoho tukuf, su ce ya kai Metusela. Wanda kuwa ba ya yarda sai ya gani da ido, su kan kira shi Toma mai-shakka.

Amma mu duba, ko sun yi wa Toma gaskiya? Hakika ya ƙi gaskata tashin Ubangiji sai ya ga gurbin ƙusoshi. A wurinsa gani ya kori ji. Duk da haka, Toman nan ne ya ce wa sauran almajirai su tafi su mutu tare da Yesu (Yohanna 11:16). Bayan kwana takwas kuma, da Yesu ya nuna masa hannuwansa, ya shaida shi Ubangijinsa ne da Allahnsa (Yohanna 20:28). Har yau akwai Kirista a kudancin Indiya masu kiran kansu da sunansa.

'Yan'uwa, mu ma haka mu ke yi cikin ekklesiya. Ɗan'uwa ya fāɗi sau ɗaya, ya tuba, amma mun liƙa masa sunan laifinsa har mutuwa. Yesu bai kori Toma ba, ya komo dominsa. Bari mu kira mai-tuba da sunan da Ubangiji ya ke kiransa.