Birki Kafin Fenti



Wataƙila a bayan gidanka, ko kuwa a gidan maƙwabcinka, akwai wata tsohuwar mota a gindin dogon yaro. Tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya, 'yan awaki suna hawa kanta. Kowace shekara in kaka ta yi, maigida yakan dube ta ya ce, "Bana kam zan tashe ta." To, a ce bana ɗin ta zo. An sayar da wake da gyaɗa, ga 'yan kuɗi a hannu, amma ba za su isa a gyara kome da kome ba. Da me za ka fara?

Kana tsammani wannan tambayar makanike ce. Ni kuwa ina gani tambaya ce ta hali. Abin da mutum ya fara gyarawa a jikin mota yakan nuna abin da ya fi ƙauna a zuciyarsa: yabon mutane, ko kuwa ran mutane.

Motar da aka yi domin a gyara

Bari mu fara da wannan: gyaran tsohon abu ba wauta ba ne. Dubi Peugeot 404, wadda muke ce wa Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekara ta 1960. Mai buɗaɗɗen baya, wato bashe, ta fito a 1967, aka kuwa ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 kuwa ta yi ta fitowa daga can har bayan shekara ta 2000. A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa sukan tuƙo tsofaffin Fijo su ratso hamada ta Aljeriya, su biyo ta Arlit da Agadas, su sayar da su a ƙasarmu. Dattawa suna tunawa da wannan.

Me ya sa waɗannan motoci suka daɗe haka? Domin an yi su yadda za a iya kwance su a sāke ɗaurawa. Injin yana da fistin huɗu. Kowane fistin yana hawa da sauka cikin wani bututun ƙarfe da Faransawa ke ce wa riga. In rigar ta cinye, ba a yar da injin. Akan zare ta a sa sabuwa, da sabon fistin da zobbansa, injin ya dawo da ƙarfinsa. Mutumin da ya tashe irin wannan mota bai yi ɓarna ba. Ya kiyaye abin da ubansa ya yi wa gumi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma gyara iri biyu ne. Akwai gyaran ido, akwai gyaran gaskiya.

Abin da zama yake yi wa mota

Motar da ta yi shekaru a ajiye ba hutawa ta yi ba. Tana lalacewa ne a ɓoye.

Man birki yana jan laima daga iska kaɗan kaɗan. In ya daɗe, ruwan da ya shiga cikinsa yakan sa tsatsa a cikin bututu, robobin da ke riƙe man kuma su bushe su tsage. Man da ya sha ruwa yakan tafasa da wuri in birki ya yi zafi. Sa'an nan ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Domin wannan ne masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sāke man birki kowace shekara biyu.

Taya ma tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Rana takan ƙona robar. Za ka ga zanenta yana nan da kyau, amma gefenta ya yi tsage-tsage kamar diddigen manomi da hunturu. Tun daga shekara ta 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya domin a san ranar da aka yi ta: biyu na fari mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekara ta 2015. Masu yin taya da kansu suna cewa kada a yi aiki da wadda ta wuce shekara goma.

Fetur da ya kwana a tanki shekara da shekaru yakan zama danƙo ya toshe kafireta. Tiyon ruwa yakan bushe. Waɗansu motoci kuma da suka zo daga Turai sun zo da tsatsa a ƙarƙashinsu, gama can ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe.

Ka lura da abu guda. Duk waɗannan ba a ganinsu daga bakin hanya.

Jarabar ido

Ga inda jaraba take. Ranar da ka zuba sabon fetur, ka goge buji, ka aro batir, injin ya yi tari ya tashi, yara za su yi sowa, maƙwabta su taru. Ranar da ka fesa mata sabon fenti, duk gari zai ce, "Kai, wane ya yi ƙoƙari!" Amma ranar da ka kwanta cikin ƙura ka sāke bututun birki, ba wanda zai tafa maka. Kuɗin sun tafi, motar kuwa kamanninta na jiya.

Saboda haka zuciya takan ce, "Fenti tukuna, birki daga baya. Ai yana ɗan kamawa in an taka sau biyu." Ɗan'uwa, ka san wannan murya. Ita ce take sa mutum ya shafe bangon zaure alhali rufin ɗakin 'ya'yansa yana yoyo.

Su wa za su shiga?

Tsaya ka yi tunani. In motar ta tashi, ba kai kaɗai za ta ɗauka ba. Ranar kasuwa mata za su hau da ƙwaryar nono. Da tsakar dare za a buga maka ƙofa a ce naƙuda ta yi tsanani, a kai mace asibiti. Za a ɗora buhunan albasa, yara su zauna a kai. Ba ko ɗaya daga cikinsu da zai leƙa ƙarƙashin motar. Tsohuwar da ta hau ba ta san man birki ba. Kai ta sani. Fuskarka ta duba ta hau.

Ashe kuwa, wanda ya fito da mota hanya ya yi alkawari ke nan ko bai buɗe baki ba. Yana cewa, "Ku shigo, abin nan yana tafiya, yana kuma tsayawa." In ya san rabin maganar ƙarya ce, ya yi ƙarya da ƙarfe maimakon harshe.

Ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa wajen mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara. In an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki hasarar rai, ko da yake motocinta kaɗan ne. Ka kuma riƙe wannan lissafi: in gudun mota ya ninka sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Wannan ga birki mai lafiya ke nan. Yaron da ya biyo akuya ya tsallaka hanya ba zai jira ka taka sau biyu ba.

"Ai ni talaka ne"

Na san abin da za ka ce, ba kuwa zan rena shi ba. Kayan gyara suna da tsada. Waɗanda suka ga Janairu na 1994, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, ba su manta yadda kuɗin kayan waje ya tashi ba. Yau kuma kayan tsohuwar Fijo na ainihi sun yi wuya, jabu sun yi yawa. Za ka ce, "In sai kome ya cika, talaka ba zai taɓa hawa mota ba."

Gaskiyarka, amma ba duka ba. Ba wanda ya ce sai kome ya cika. Talauci hujja ce ga mota mummuna. Ƙofa a ɗaure da igiya, kujera a yage, fenti kala uku, ba laifi ba ne, ba kuwa abin kunya ba. Amma talauci ba hujja ba ce ga motar da ba ta tsayawa. Wanda ya zuba ruwan sabulu a wurin man birki domin ya fita daga daji, larura ce ta same shi. Wanda ya bar shi a ciki ya tafi ɗaukar fasinja kashegari, ya zaɓa ne. In kuɗinka sun isa abu ɗaya kaɗai, sa su inda rai yake. In ba su isa ko wannan ba, bar ta a gindin itace har baɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma hakkin mutanen gida. Tsohuwar mota tana da babban ciki. Ka gyara wannan, wancan ya fito. Kafin ka kwance ƙusa ɗaya, zauna da uwargida ku yi lissafi tare. Ku sa iyaka. Hatsin rumbu, da iri na shuka, da kuɗin makarantar yara, ba na mota ba ne. Mutumin da ya tashe motar ubansa ya kwantar da tukunyar gidansa bai girmama uban ba.

Ranar sayarwa

Wata rana za ka so ka sayar da ita. Nan ne gwaji mafi girma yake.

Dabarun sanannu ne. Akan zuba baƙin mai mai kauri domin injin ya rage ƙara da hayaƙi na 'yan kwanaki. Akan cika ramin tsatsa da mastik a fesa fenti a kai. Akan mai da agogon kilomita baya. Mai saye da ya san aiki yakan gane: hayaƙi shuɗi, injin yana ƙona mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga inda bai kamata ba, baƙi, fetur ya yi yawa. Baƙin mai da ya koma kamar madara ya gauraya da ruwa. Mayen ƙarfe ba ya kama wurin da mastik ya yi kauri. Amma mai saye na ƙauye sau da yawa bai san ko ɗaya ba. Ya sayar da bijiminsa ya zo.

Wani zai ce, "Ciniki ne. Ya buɗe idonsa mana." Bari mu rarrabe. Taya da albarka ba zamba ba ne. Ka faɗi kuɗi da yawa, ya taya kaɗan, ku daidaita. Dukanku kun san wasan. Amma aibin da ka binne ƙarƙashin fenti, kai kaɗai ka san shi. Ba motar da ke gabansa ya saya ba, wadda ka zana masa a zuci ya saya. Bambancin kuɗin da ke tsakanin motocin nan biyu, ba naka ba ne.

"To, in bai tambaya ba fa?" Yin shiru a kan yagaggiyar kujera ba kome, gama yana ganinta. Yin shiru a kan tsagewar da mai walda ya liƙe a ƙarƙashi, inda nauyin mota yake zaune, wannan ƙarya ce marar sauti. Ga ma'auni mai sauƙi: da ƙanenka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yake saye, me za ka faɗa masa? Faɗa wa baƙo wannan. Mai yiwuwa kuɗin su ragu. I, gaskiya tana da tsada wani lokaci, ba zan ruɗe ka ba. Amma za ka iya gamuwa da mutumin a kasuwa ba ka sāke hanya ba, in kuma ka ji labarin haɗari ba za ka tashi da dare kana tambayar wace mota ce ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da fenti ya rufe wa mutum, bai rufe wa Allah ba.

Ga yadda za ka bi

Na fari, birki: sabon mai, sababbin robobi, bututun da ba ya yoyo. Na biyu, sitiyari da taya da ƙarafan ƙasa. Na uku, ruwa da tiyo, gama kan injin Fijo na alminiyam ne, in ya yi zafi ƙwarai yakan lanƙwashe. Na huɗu, injin da fitilu. Fenti shi ne auta. In bai samu ba, ba a rasa kome ba.

Ka kiyaye ranka kuma. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Sa mata kututture mai ƙarfi, ka tokare ƙafafunta. Kada ka bar injin yana aiki cikin ɗaki a rufe, gama akwai guba marar wari cikin hayaƙin, tana kisa. Kada ka buɗe murfin ruwa injin yana da zafi. Kada ka hura ƙurar birki da baki. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ba ka sani ba, kira makanike ka tsaya ka koya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sa'ad da kake wannan aiki, ɗanka yana tsugune yana miƙo maka sifana. Yana koyon sunayen ƙarafa, amma yana koyon abin da ya fi wannan. Yana duba ko ubansa yakan ɗaure ƙusar da ba mai gani. Abin da ya gani a nan zai kai shi gona, da kasuwa, da gidan aurensa.

Ya mai karatu, in an gama tuwon dare, karanta wa iyalinka wannan 'yar takarda, ku tambayi juna: a gidanmu, mene ne muka shafa wa fenti alhali birkinsa ya mutu? Kyan tafiya dawowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.