Ko Abin Kunya Ne Mutum Ya Yi Kewar Ƙwallo?

Ran 17 ga Maris 2020, kwana goma sha ɗaya bayan an sami mutum na fari mai cutar korona a Yawunde, Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanta dokoki 13 da gwamnatin Kamaru ta kafa. Aka rufe iyakoki da makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50, aka ce gidajen abinci da na shaye-shaye su rufe da ƙarfe shida na yamma. Ƙwallo ma ya tsaya. Gasar CHAN, watau ta 'yan wasan da ke buga wa kulob na ƙasashensu, wadda za mu karɓi baƙuncinta daga 4 ga Afrilu, aka ɗage ta. A Ingila an riga an tsayar da nasu tun 13 ga wata. A Nijeriya ma haka, an tsaya Plateau United na Jos suna kan gaba.

Wanda bai san unguwarmu ba sai in ba shi labarinta kaɗan. Briqueterie, wadda mutanen gari ke ce wa Brik, ita ce tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, tana kusa da babbar kasuwar Mokolo. An san ta da teloli, da masu sayar da yadi, da masu tsire, wanda a nan ake kira soya. Yawancin mazaunanta Musulmi ne, Hausawa da Fulani da Barebari, mu Kirista kuwa 'yan kaɗan ne a tsakaninsu. Ranar wasa a Brik ba sai an gaya maka ba. Tun la'asar za ka ga an fito da talabijin bakin shago, an jera benci, mai shayi ya hura wuta, hayaƙin tsire ya cika titi. Idan an ci, ihun yakan taso daga wannan lungu ya faɗa wancan, har wanda ke banɗaki ya san an ci. To, duk wannan ya ɗauke a mako guda.

Sai ga mutane suna ƙorafi. Magidanta masu furfura suna cewa Asabar da Lahadi sun yi musu tsawo, ba su san inda za su sa kansu ba. Wani dattijon ikkilisiya da ya ji irin wannan magana ya husata ƙwarai. Ya ce, "Ana binne mutane, an hana mu cika majami'a ranar Ista, ku kuwa kukan ƙwallo kuke yi? Ashe dā can gunki kuke bauta wa ba ku sani ba."

Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa zan yi kamar ba ta da shi ba. Ran 24 ga Maris cutar ta kashe Manu Dibango a Faransa, mawaƙin da ya yi wa ƙasarmu waƙar gasar Afirka ta 1972, shekarar da aka buɗe filin Ahmadou Ahidjo. Filin wasa na sojoji a nan Yawunde an mai da shi wurin jinyar masu cutar, aka kafa tantuna inda dā ake buga ƙwallo. Istar 12 ga Afrilu ta zo mana ba taro, waɗanda muka yi watanni muna koya musu domin baftisma suka jira. A irin wannan lokaci, in mutum ya buɗe baki ya ce abin da ke damunsa shi ne bai ga wasa ba, dole mai ji ya ɗaga gira.

Duk da haka ina ganin dattijon ya yi saurin yanke hukunci, gama bai tambayi abin da kowane mai kuka yake wa kuka ba. Kalma ɗaya ce a bakinsu, amma ba abu ɗaya ba ne a zuciyarsu.

Akwai waɗanda maganarsa ta dace da su sarai. Samarin da suka saba kwana a shagunan caca ba su yi mako biyu ba sai suka gano cewa akwai wata ƙasa a Turai, Belarus, da ta ƙi tsayar da wasanninta, Burundi ma ta ci gaba na ɗan lokaci. Yaron da bai san ko Belarus gabas take ko yamma ba, bai iya faɗin sunan kulob ɗaya nata ba, ya ɗauki kuɗin da zai ci abinci ya zuba a kansu. Wannan ba kewar ƙwallo yake yi ba. Da za a ce masa ƙadangare biyu za su yi tsere a kan katanga, zai sa kuɗi. Shi kam akwai abin da ya mallake shi, dakatar da wasa kuwa ta tona shi.

Akwai kuma waɗanda kukansu na ciki ne, ba na zuciya ba. Mai tsiren da ke sayar da rabin namansa a daren wasa, da macen da ke kai ruwan leda da gyaɗa ƙofar fili a Mfandena, da ɗan acaba, da 'yan wasan kansu, waɗanda da yawansu a gasarmu ta gida ladan wasa ne abincinsu. Wanda ya ce wa waɗannan su ji kunya, shi ya kamata ya ji.

Amma yawancin masu ƙorafin ba 'yan caca ba ne, ba kuma da ƙwallo suke ci ba. Su ne nake so mu duba da kyau, domin abin da ya faru daga baya ya nuna abin da suka rasa. Ran 16 ga Mayu Jamus ta koma wasa, ran 17 ga Yuni Ingila ta bi, amma ba ɗan kallo ko ɗaya a fili. Masu talabijin har suka riƙa sa muryar taro ta ƙarya domin kada shirun ya yi yawa. Mai kuɗin biyan tasha ya zauna a ɗakinsa ya kalla. Ga ƙwallo ya dawo, ga 'yan wasan nan dai, har Liverpool ta ɗauki kofin da ta yi shekara 30 tana nema. Amma ka tambayi mutanen, sai su ce abin ba gishiri. In da ƙwallon ne kaɗai suke kewa, ai da sun warke ran nan. Mutum ya ga an ci, ya daka tsalle, ya waiwaya ba wanda zai tsokana. Ashe rabin daɗin cin wasa shi ne fuskar maƙwabcinka da aka cinye.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. A gari irin Yawunde, mene ne ke zaunar da Bahaushe da Ba'ewondo da Bamileke da mutumin Bamenda a kan benci ɗaya har sa'a biyu? A kasuwa muna haɗuwa, amma ciniki ne, kowa yana tsaron aljihunsa. A wurin biki da makoki muna haɗuwa, amma sai an gayyace ka ko an yi rashi. Ranar Jumma'a maƙwabcina yana masallaci, ranar Lahadi ina majami'a. Benci na gaban talabijin ne kaɗai wurin da ba a tambayarka daga ina kake, sai dai wa kake goyon baya. Dattawan da suka ga zamanin da Canon ta ɗauki kofin Afirka a 1971 da 1978 da 1980 har yanzu suna gardama da 'yan Tonnerre, kulob ɗin da Roger Milla ya buga wa, George Weah ma ya biyo ta cikinsa kafin ya tafi Faransa. Mu 'yan arewa mukan haɗa kai a bayan Coton Sport na Garwa, ba a san Kirista ba, ba a san Musulmi ba. Sa'ad da hukumar FECAFOOT ta rufe kakar a watan Mayu 2020 ta ba PWD Bamenda kofi, karo na fari a tarihinsu, daga garin da ke cikin tashin hankali tun 2016, mutane da yawa a nan sun so a ce akwai benci, domin su riƙe hannun teloli da makanikai 'yan Bamenda da muke zaune tare su yi musu barka. Ba a samu ba. Wanda ya ji zafin wannan rashi, ni ban ga gunki a zuciyarsa ba.

Mu maza muna da wani hali, ba mu iya zuwa wurin ɗan'uwa mu ce, "Na zo ne kawai in gan ka." Sai mun nemi dalili. Ƙwallo shi ne dalilin. A tsakiyar gardamar ko bugun fanareti ne ko ba shi ba ne, a nan ake jin cewa matar wane tana asibiti, ɗan wane ya ci jarrabawa, wane yana neman ɗakin haya. Mata sun fi mu a nan, su sukan shiga gidan juna ba tare da neman hujja ba, shi ya sa da yawansu suka yi ta yi mana dariya a watannin nan. Ko Manzo Bulus bai ƙyamaci filin wasa ba, gama a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9, da masu tsere da 'yan dambe ya yi misali, domin ya san mutanen Korinti suna zuwa kallo.

Sai dai akwai inda zan tsaya tare da dattijon, ko da yake ba a wurin da shi ya tsaya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Da aka ɗauke benci, sai ya bayyana cewa akwai mutanen da suka yi shekara goma suna zama kafaɗa da kafaɗa, amma ba wanda ya san ƙofar gidan wani. Sun san juna da laƙabi, wannan "Canon", wancan "Chelsea", ba su san sunan yanka ba. A wani benci na kusa da mu akwai wani tsoho mai gadi da ba ya fashin wasa. Ya kwanta ciwo a watannin nan, ya rasu, aka binne shi da mutane ƙalilan yadda doka ta ce. Abokan zamansa ba su ji ba sai da aka dawo kallo suka ga gurbinsa. Zumuncin da ya dogara ga talabijin, in an kashe talabijin yakan mutu tare da ita.

Amma ba duka ne suka zama haka ba. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Afrilu. Wani tela maƙwabcinmu, Musulmi, wanda a gaban shagonsa muke kallo, ya ɗauki aikin bin gidajen 'yan bencinsa ɗaya ɗaya, da takunkumi a fuska, ya tsaya daga bakin ƙofa. Inda bai san gida ba sai ya yi tambaya har ya samu. Da ya iso wurina ya ce, "Malam, ina wuni? Na zo in ga ko 'yan Coton suna nan da rai." Ya ajiye kunu da ƙosai na buɗa-baki ya wuce gida na gaba. Shi ma kewar ƙwallo yake yi, har ya fi kowa faɗa. Kewar ce ta tashe shi tsaye. Don haka nake cewa kewa ita kanta ba ta isa a yanke mata hukunci ba, sai an ga inda ta kai mai ita. Ta kai wani shagon caca, ta bar wani a kwance yana tsaki, ta kai telan nan ƙofar maƙwabtansa.

Wasa ya dawo mana a hankali. CHAN ta buɗe ran 16 ga Janairu 2021 a filin Ahmadou Ahidjo, da 'yan kallo ƙididdigaggu, muka ci Zimbabuwe ɗaya da nema, Maroko ta ɗauki kofin ran 7 ga Fabrairu. Stephen Tataw, kyaftin ɗinmu na Italiya 1990, bai ga wannan ba, ya rasu a Yawunde ran 31 ga Yuli 2020. Sa'an nan babbar gasar Afirka ta zo ran 9 ga Janairu 2022, shekara 50 bayan ta farko da muka karɓa. Da fari filaye ba su cika ba, domin sai da shaidar rigakafi da ta gwaji ake shiga. Gwamnati ta rage lokacin aiki da na makaranta domin mutane su tafi kallo. Suka tafi kuwa, da yunwar shekara biyu.

Ran 24 ga Janairu, daren da muka buga da Komoros a sabon filin Olembe mai ɗaukar mutum 60,000, jama'a suka taru a ƙofar kudu, aka yi turereniya, mutum 8 suka mutu, 38 suka ji rauni. A cikin matattun akwai yara. A Brik muna ihun cin biyu da ɗaya, labarin bai iso ba tukuna. Akwai tambayoyi game da yadda aka tsare ƙofar da yadda aka buɗe ta, waɗannan na hukuma ne. Amma wanda yake baya yana turawa domin kada a fara wasa ba shi, shi ma taro ya zo nema, irin taron da muka yi wata da watanni muna kuka a kansa, kuma mutanen da ke gabansa su ne taron. Bai gan su ba, ƙofa yake gani.

Aka ɗauke wasan gaba daga Olembe zuwa Ahmadou Ahidjo. Masar ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Ran 5 ga Fabrairu, a wasan neman na uku, Barkina Faso ta sa mana uku ba ko ɗaya, sai Vincent Aboubakar ɗan Garwa ya shigo bayan hutu ya ci biyu, aka tashi uku da uku, muka ci a fanareti. A gaban shagon telan benci bai ishe mu ba daren nan, sai da aka aro na mai shayi. Kafin a fara wasa, telan ya sa wani yaro ɗan makaranta ya zagaya da littafi, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da lambar wayarsa da lungun da yake kwana. Mai shayi ya ce shi ba zai bayar ba sai an fara biyansa bashin da ke kan 'yan Canon.