Zango Ko Gida?

A bayan gidanmu da ke Yalwawa akwai wani gida mai ɗaki huɗu da falo. An yi masa fenti, an shimfiɗa tayil, har da tankin ruwa a sama. Yau shekara shida da gama shi, ba a taɓa ɗora tukunya a madafinsa ba. Makullan suna hannuna. Duk ƙarshen wata nakan buɗe, yara su share ƙurar da ta shiga ta ƙarƙashin ƙofa, mu kori ƙadangaru, in mayar da kwaɗo in rufe. Gidan yayana ne, wanda ya bar ƙasar nan tun 2001.

Italiya ya fara sauka. Ya yi aiki a wata masana'antar ƙarfe kusa da birnin Bresha, a arewacin ƙasar, inda 'yan Ghana da Senegal suka yi yawa. Ya zo gida ya yi aure, ya ɗauki matarsa, a can aka haifa musu 'ya'ya uku. Dokar Italiya ta ce baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya yi shekara goma yana zaune bisa ƙa'ida kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Yaya ya cika goman, ya ƙara da shekarun jiran amsa, ya samu fasfo. Fasfon nan kuwa a lokacin mabuɗi ne: mai shi na iya zama ya yi aiki a kowace ƙasa ta Tarayyar ba tare da biza ba. Tun bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 aikin masana'anta ya yi ta ja da baya, don haka a 2018 ya loda kayansa a motar haya, suka ratsa Faransa, suka tsallaka ruwa, suka sauka a Lesta ta Ingila. Hanya ce da wasu suka riga shi bi. Tun farkon shekarun 2000 Somaliyawa masu fasfon Holan suka yi ta komawa wannan birni da iyalansu.

Wahalar sauka kuwa ya ba ni labarinta ta waya dalla-dalla. Mai gidan haya ya ce sai ya ga shaidar albashi. Mai ba da aiki ya ce sai da asusun banki. Banki ya ce sai da takardar da ke nuna adireshi. Haka suka yi wata biyu a ɗaki guda na wani ɗan'uwa Bazazzage kafin zaren ya warware. Aka yi wa yara rajistar makaranta da ta likitan unguwa. Kayan wutar da suka zo da su ma sai da aka sake musu kai, don soket ɗin Ingila mai baki uku ne irin namu na nan, ba irin na Italiya ba. Duk wannan ya wuce cikin shekara guda. Abin da bai wuce ba shi ya sa nake rubutun nan.

Da babbar 'yarsa ta zo hutun Sallah a 2023, na kai ta ta ga gidan ubanta. Ta zagaya ɗakunan, ta leƙa madafi, sannan ta ce da ni cikin Hausarta mai ɗan tsami: "Baffa, mu ma a can akwai kwalaye bakwai a ƙarƙashin bene, tun daga Italiya ba a buɗe ba. Baba ya ce a bar su, ai za mu koma gida." Ta yi shiru kaɗan, ta ce: "A Bresha ma haka yake cewa."

Tambayar da ta tsaya mini a rai tun ranar ita ce: shin daidai ne mutum ya mayar da rayuwarsa duka zango, alhali akwai waɗanda ya ɗauko da ba su da wani gida sai wannan zangon? Kuma mene ne haƙƙin garin da ya karɓe ka a kanka, idan kana cin tuwonsa amma zuciyarka tana ɗaure da kaya?

Ban ga laifin ƙaura ita kanta ba. Bahaushe da tafiya tare aka gan su. Fatauci ya kai kakanninmu Gwanja neman goro, cin rani yana kai ƙannenmu Legas da Fatakwal, karatu ya kai almajirai gabas. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jama'ar da ta bi Sarkin Musulmi Attahiru ta yi ta tafiya har wasunsu suka kafa Mai Wurno a bakin Kogin Nilu a Sudan, jikokinsu na can har gobe. Sai dai ka duba kalmar da muka ba unguwanninmu na Kumasi da Akara: zango. Asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, da asuba ya ɗaura ya wuce. An haifi mutum a zango, an haifi ubansa a zango, an binne kakansa a can, sunan bai canza ba. Kamar dai harshenmu ma yana jin nauyin ya ce mun zauna.

Na san wannan hali tun ina yaro, a gidanmu. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni, ma'aikatan da asalinsu na wannan ɓangare ne aka turo su nan. Mahaifinmu na cikinsu. Kakanmu mutumin wajen Kiyawa ne, amma shi Baba a Kano aka haife shi, can abokansa suke, can majalisarsa take. Da yawa daga abokan aikinsa ba su ma ɗauko iyali ba: Litinin su zo, Juma'a su koma. Shi ya ɗauko mu, amma bai ɗauko zuciyarsa ba. Duk abin da Inna ta ce a gyara a gidan, sai ya ce, "Bari dai, zaman nan na aiki ne." Maƙwabcinmu, wanda suka zo shekara ɗaya, ya dasa darbejiya biyu a ƙofar gida da dabino a tsakar gida. Baba ya yi masa dariya, ya ce wa zai tsaya jiran dabino. Baba ya yi ritaya bai koma Kano ba, don gidan gado an raba, abokai sun watse. A 2015 ya rasu, a Dutse muka binne shi. Zaman makoki kuwa a inuwar darbejiyar maƙwabcin nan aka yi shi, don ƙofar gidanmu ba ta da inuwa.

Amma adalci ne a saurari hujjar Yaya, don tana da ƙarfi. Cewa yake gida biyu maganin gobara, kuma baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Tarihi yana bayansa. A 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takarda wa'adi su fice, Hausawa da Yarbawa da yawa suka baro dukiyarsu. A 1983 mu ma muka yi wa 'yan Ghana haka. Shi kansa ya gani da idonsa: a watan Yunin 2016 Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, ta fice a ƙarshen Janairun 2020, kuma duk mai fasfon Tarayyar da ke zaune a can sai da ya sake neman izinin zama kafin ƙarshen Yunin 2021. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana jiran takarda ɗaya, ya wayi gari an ce ya sake cike wata, ba za ka ce masa ya saki jiki ya yarda da kai nan take ba. Ga kuma tsoron da ba ya faɗa sai dare ya yi: kada 'ya'yansa su narke, su manta harshe da addini, ranar da ya mutu a rasa mai yi masa addu'a da Hausa.

Na yarda da tsoron. Inda muka rabu shi ne wanda ke biyan kuɗinsa. Yaya in ya ce "gida", akwai hoto a ransa: dutsen Garu da yamma, kasuwar Shuwarin, ƙamshin ƙasa a ruwan farko. Zango bai cutar da mai gida a bayansa. Yarinyar nan kuwa fa? Gidan da ta sani shi ne wani bene a Bresha, da makarantar da ta yi tun daga rainon yara, da ƙawayen da suke lissafi da harshe ɗaya. Tana shekara goma sha uku aka cire ta, ba a tambaye ta ba, aka dasa ta a ajin da ba ta jin rabin abin da malami ke faɗa. Sannan aka ce mata nan ma kada ta yi saiwa, gidanta na can wata ƙasa da ta taɓa gani sau biyu. Uba ya tanadi gida biyu don maganin gobara, 'yarsa ta tashi ba ko ɗaya.

Matarsa ma haka. Shekara goma sha huɗu ta yi tana haɗa abin da ba ya shiga kwali: tsohuwar Ba'italiyar da ke riƙe mata yara in ta je asibiti, mahaucin da ya san yankan da take so, matan da suke adashi tare. Ranar da aka yanke shawarar tashi, sanar da ita aka yi. A al'adarmu mun ɗauka ƙaura hukuncin maigida ne, tunda shi ke nemo abinci. Amma shi yana fita aiki ya samu sababbin mutane tun makon farko. Ita ce za ta zauna a ɗaki tana kallon ruwan sama ta taga, ta sake gina duniya daga tushe. Wanda zai fi ɗaukar nauyin hukunci ya fi kowa cancantar a yi shawara da shi.

Sai haƙƙin garin da aka sauka. Takarda tana ba ka izinin zama, amma zama ɗan gari bashi ne da ke bi ta ɓangare biyu: ana bin ka, kana bi. Ka je jana'izar maƙwabci, ka san sunan ɗansa, ka halarci taron iyayen yara, in bola ta taru a layi ka fito da tsintsiya. Mai zaman zango yana biyan haya da haraji, ba ya cutar kowa, amma kuma ba wanda zai ji rashinsa in ya tashi. Yaya ya shekara goma sha bakwai a Italiya, na tambaye shi wa ya yi wa sallama da zai taho, ya lissafa mini 'yan Afirka huɗu da limamin masallaci. Muna yawan kuka cewa Turawa ba sa jan mu a jiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai da wuya a rungumi mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

Wani zai ce ai duniyar ma duka zango ce, kuma an hore mu mu zauna a cikinta kamar matafiya. Haka ne. Amma waɗanda suka fi mu fahimtar wannan, da suka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ba su bar kayansu a ɗaure ba. Sun gina masallaci, sun shiga kasuwa, sun ƙulla 'yan'uwantaka da mutanen gari, da yawansu ko bayan an buɗe Makka a Madina suka ƙare rayuwarsu. Kuma an kwaɗaitar da mu dasa itace ko da ba mu da tabbacin shan inuwarsa. Abin da aka hana shi ne zuciya ta manne wa duniya. Ba a ce hannu ya daina aiki a inda ƙafa take ba.

Ban isa in wanke kaina ba. Mu da muke gida muna da hannu a wannan zaman rabi da rabi. Mu ne duk waya sai mun ce, "Yaya, yaushe za ka dawo?" Mu ne muka nuna masa fili, muka ce mutum ba ya cika sai ya yi gini a garinsu. Kuɗin da ya zuba a gidan ƙadangaru da ya isa ya zama kafin alƙalami na gidan da 'ya'yansa za su kira nasu. Kuma in faɗi gaskiya, muddin yana ganin nan ne gida, saƙo ba zai yanke ba, ni ma ina cikin masu amfana. Haka nan mu da ke jin haushin yadda ake yi wa namu a Turai, mu duba yadda muke yi a nan. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 baƙi suke ta sauka a unguwannin nan. Yaron da aka haifa a Yalwawa, iyayensa daga wata jiha, in ya je neman takardar shaidar asali, garin kakansa za a tura shi. Mu ma muna koya wa mutane zaman zango.

Ba cewa nake Yaya ya manta Dutse ba, ko ya daina yi wa yara Hausa. Bishiyar da aka dasa a sabon wuri da ƙasar tsohon wurin ake ɗauko ta, a jikin saiwarta. Abin da nake roƙonsa shi ne ya gaya wa kansa gaskiya, sannan ya gaya wa iyalinsa. In dawowa zai yi, ya sa shekara, ya zauna da su a yi shiri. In kuwa ya san, kamar yadda nake zaton ya sani, cewa yaran nan a can za su yi aiki su yi aure, to ya ba su izinin su ce nan ne garinmu ba tare da sun ji sun ci amanarsa ba. Alkawarin komawar da ba ranarsa nauyi ne da ake ɗora wa wanda bai ɗauka ba.

A watan jiya na kira shi. Na ce, "Yaya, akwai wani malamin jami'a da ke neman gida, da mata da yara uku. Ka bari in ba shi haya, ko ba komai a hura wuta a madafin nan." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "In na dawo fa?" Na ce, "In ka dawo ɗakin Baba yana nan." Ya ce zai yi tunani.

Har yanzu bai ba ni amsa ba. Amma shekaranjiya 'yarsa ta turo mini hoto: uwarta zaune a ƙasa, kwali biyu a buɗe, tana goge wasu kwanukan tangaran da jaridun Italiya suka naɗe tun 2018. Ni kuma na karɓo 'ya'yan dabino biyu a wurin ɗan maƙwabcinmu, daga jikin wanda ubansa ya dasa, na sa ɗaya a ƙofar gidanmu, ɗaya a ƙofar gidan Yaya. Ko wa ya zauna a ciki, zai tarar da shi.