Tsakanin Tattali da Ganganci: Hukuncin Gyaran Wayoyin Fitilar Mota

Damin wayoyin fitila, wanda masu sana'ar wutar mota suka fi kira wayarin, tarin wayoyi ne na jan ƙarfe, kowace da rigar roba mai launinta, da aka ɗaure wuri guda aka bi da su ta cikin jikin mota daga batir zuwa akwatin fiyus, daga nan zuwa makunni, sannan zuwa fitilun gaba da na baya da na birki da na sigina. Idan ya lalace, mai mota kan tsinci kansa tsakanin ya kwance shi ya gyara da hannunsa ko kuwa ya sayo sabo, kuma duk da cewa a zahiri wannan lissafin aljihu ne, a ƙarƙashinsa akwai tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna juyawa, wato ina iyakar tattalin dukiya take, kuma daga ina tattalin yake rikiɗa ya zama ganganci da rayuka.

Hujjar masu gyara tana da ƙarfi a addini. Alƙur'ani ya yi hani da almubazzaranci, wato kashe dukiya inda bai kamata ba, a cikin Suratul Isra'i, ya kuma yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro a cikin Suratul Furƙan, sannan an ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da kansa. Wanda ya san yadda wayarin ke lalacewa zai ga dalilin da ya sa wannan hujja ta hau kansa daidai, domin mafi yawan lokaci damin gaba ɗaya lafiyarsa lau, matsalar tana wuri guda ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba: ko soket ɗin da ke bayan ƙwan fitila ya narke, ko ɓera ya ci robar waya a lokacin da motar ke ajiye, ko kuwa wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota domin wuta ta koma batir ta yi tsatsa, har fitilar birki ta riƙa lumshewa duk lokacin da aka kunna sigina. Jefar da dami sukutum saboda tsatsar da gugar takardar yashi za ta kawar, ba shi da wani suna in ba ɓarnar dukiya ba. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ma, abin da ake kira saye sau da yawa ba sabo ba ne, dami ne da aka ciro daga wata motar da ta riga ta ci shekarunta a Turai, wanda mai saye bai san tarihinsa ba, don haka ba lallai ya fi nasa da ya sani inganci ba.

Sai dai fitilar mota ba kamar riga ko takalmi take ba, kuma a nan ne ƙiyasin, wato auna sabuwar mas'ala da tsohuwa, yake buƙatar taka-tsantsan. Wanda ya yi wa rigarsa mummunan faci kansa kaɗai ya jawo wa dariya, amma fitilar birki ba don mai mota aka yi ta ba, shi ko ganinta ba ya yi, an yi ta ne domin direban da ke biye da shi, haka sigina saƙo ce ga ɗan acaɓa da mai tafiya a ƙasa. Ashe ke nan wayar da take ɗauke da wutar waɗannan fitilu mallakar mutum ɗaya ce amma haƙƙin mutane da yawa ya rataya a kanta. Malaman da suka yi bayanin maƙasidin shari'a, wato manufofin da hukunce-hukunce suka zo su kare, irin su Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 da Imam Shaɗibi wanda ya rasu a 1388, sun lissafa addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, sun kuma gabatar da rai a kan dukiya idan biyun suka yi karo. Saboda haka ba a fara tambayar nawa aka rage ba, sai an gama da tambayar ko fitilar za ta kama a daren da ake ruwa a kan hanyar Zariya.

Amsar wannan kuwa tana ga ilimi, kuma ilimin ba mai nisa ba ne. Ƙwan fitilar gaba na halojin da aka saba da shi yana cin wat 55 ne, a motar da ke aiki da bolt 12, wanda ke nufin kowane ƙwai yana jan wutar da ta kusa amfiya 5, kuma kaurin wayar da girman fiyus duk an auna su ne a kan wannan. Idan mutum ya sa ƙwai mai wat 100 don neman ƙarin haske, ya ɗora wa waya kusan ninkin kayan da aka yi ta domin ta ɗauka, daga nan soket ya fara narkewa. Idan ya yanke wurin da ya ƙone ya murɗa bakin wayoyin biyu da yatsa ya naɗe da salatif, haɗin zai yi aiki a ranar, amma girgizar hanya za ta sassauta shi, damshi ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore, wurin ya riƙa ɗaukar zafi yana rage wa fitila haske. Gyaran kirki yana buƙatar waya mai kauri daidai da ta asali, da haɗi da aka matse da abin matsewa ko aka liƙe da dalma, da bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi, sannan a mayar da damin kan hanyarsa nesa da salansa da bakin ƙarfe mai kaifi. Mafi munin abin da ake gani a gareji shi ne a naɗa zaren waya a gurbin fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa, alhali fiyus an yi shi ne domin ya mutu a madadin motar, kuma yawan ƙonewarsa shaida ce cewa wata waya tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Mai yin haka bai gyara komai ba, mai gadi ya kora don ya daina jin ihun ɓarawo.

Fiƙihun Malikiyya, wanda aka fi bi a ƙasar Hausa, yana da babin da ake kira lamunin masu sana'a, inda aka ɗora wa maɗinki ko marini biyan abin da ya salwanta a hannunsa domin kare dukiyar jama'a, kuma akwai hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba. Darasin da ke cikin waɗannan shi ne kyakkyawar niyya ba ta ɗauke alhakin jahilci. Mai motar da ya zama mai wayarin kansa bai kuɓuta daga wannan alhaki ba, sai ma ya tattara shi duka a wuyansa, tunda babu wani da zai nuna da yatsa.

Akwai kuma wata fuska da ba a cika lura da ita ba, ita ce ɓoyuwar aikin. Da zarar an naɗe dami an mayar da murfi, haɗin dalma da murɗin yatsa kamanninsu ɗaya, babu mai bambance su sai wanda ya yi, shi ya sa wannan ɗan aiki ya zama ma'auni mai kyau na ihsani, wato kyautata aiki saboda sanin cewa Allah yana gani ko da mutane ba sa gani. Mas'alar tana ƙara nauyi ranar da za a sayar da motar, domin dami mai faci goma aibi ne da ke rage daraja, ɓoye shi kuwa algus ne, irin wanda ya zo a hadisi cewa an yi wa wani mai sayar da hatsi faɗa a kansa da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa.

Wani lokaci kuma gyaran ne kansa yake zama ɓarna. Wasu motocin Marsandi na farkon shekarun 1990 sun shahara da wayoyin inji masu robar da ke marmashewa da zafi, kuma duk damin da robarsa ta bushe haka, ko na wace mota ce, idan aka lanƙwasa shi a nan sai ya tsage a can, faci ba ya ƙarewa, kuɗin da za a kashe a kansa ya wuce na saye. Haka sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, inda waya guda ke ɗauke da saƙonni maimakon wuta zalla, sun fi ƙarfin mai fitilar gwaji da fulaya.

Hukuncin ke nan ya rabu gwargwadon hali. Inda lalacewar ta tsaya a wuri guda, mai motar kuma ya san aikin ko ya zauna kusa da wanda ya sani ya koya, gyara ya fi saye. Inda robar damin ta mutu gaba ɗaya, ko aikin ya wuce saninsa, saye ko kai wa gwani ya zama wajibi a kansa, kuma har sai ya yi hakan, bai halatta ya hau titi da motar bayan faɗuwar rana ba.